Takalman da Ke Ƙarƙashin Gadona

Kun sha tambayata labarin kwalayen nan da ke ƙarƙashin gadona, ni kuma na sha kore ku da tsawa. Bilkisu ma ta taɓa janyo su tana shara, ta buɗe ɗaya, ta ce, "Baba, takalmi mai kyau haka kake bari ƙura tana ci, kana yawo da silifas?" Na san abin da ake gaya muku a gidajen dangi. An ce Baffanku Kabiru yana aiko mini da takalmi duk babbar Sallah, ni kuma saboda hassada da taurin kai ko gwadawa ba na yi. To ban da sauran ƙarfin jayayya da kowa, amma hannuna yana iya riƙe biro. Zan rubuta muku yadda abin ya faru, har da wurin da laifin yake nawa ne. Kuma daga nan za ku san gaskiyar shekarar da kuka jira ni ban zo ba, wadda aka ce muku kamfani ne ya hana ni hutu.

Ni na girmi Kabiru da shekara goma sha huɗu. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ina yaron mota a Funtuwa, shi kuma ko wando bai iya ɗaurewa ba. Da na zama direba ina jan tirela tsakanin Legas da Kano, ni na riƙe shi har ya gama jami'a, kuma ba gori nake ba, abin da kowane wa zai yi ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne wata ɗabi'a tasa ta yarinta. Duk ranar da na dawo daga tafiya na tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin Inna, Kabiru zai zo da gudu ya ɗauke su, ya karkaɗe, ya juya bakinsu waje, ya jera su a gefe don in na fito in zura ƙafa kawai. Ba wanda ya sa shi. Idan wani yaro ya riga shi taɓawa, ranar sai an raba faɗa. Inna takan yi dariya ta ce, "Wannan dogarin takalmin naka, Haruna, ko sarki bai samu irinsa ba."

Shi ya fara zuwa Doha, injiniya a wani kamfanin gas. Ni na biyo baya da shekara uku, lokacin da hanyar Legas ta gama cinye mini baya, na samu aikin jan babbar mota a wani kamfanin dakon kaya a Sanaiya, unguwar masana'antu da leburori. Mu shida a ɗaki, gado kan gado. Shi kuwa yana wata unguwa da ake kira Matar Ƙadim, shi da matarsa Zainab da 'ya'yansu, a gida mai hawa biyu da bishiyar dabino a ƙofa. Tsakanina da shi tafiyar rabin awa ce idan ba cunkoso. Amma a shekara shida na lura da wani abu da na ƙi yarda na lura da shi. Ranar Sallah, ranar da likitoci da malaman jami'a 'yan ƙasarmu suke cika falonsa, ba a kirana. Sai washegari waya ta shigo, a ce Yaya ka zo ka ci naman Sallah. In je in tarar da gida shiru, a ɗumama mini miya, in ci in yi godiya. Duk shekara ina nema masa hanzari: wataƙila ya san ina aiki, wataƙila falon ya yi kaɗan.

A shekara ta shidan, wata ranar Asabar da la'asar, sai ga motarsa a ƙofar masaukinmu. Bai taɓa zuwa ba. Ya fito cikin farar riga yana taka ruwan wanki da ke malala a tsakar gida, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a gaban 'yan Nepal da 'yan Sudan. Wallahi na ji kaina ya yi girma. Ya ce ya samu aiki a Yanbu, can bakin tekun Maliya a Saudiyya, zai tashi da iyali a jirgi, amma kayan gida sai ta ƙasa.

"Yaya, ban yarda da kowa a kan kayan nan ba sai kai," in ji shi. "Na kama hayar mota tan goma, takardu duk ni zan yi. Kana da bizar direbobi, ka san boda. Kuma hanyar ta Madina take bi, ka tsaya ka yi ziyara."

Na ce sai na ga mudir, wato manajan kamfaninmu. Mudir ɗinmu mutum ne da ba ya zagaye-zagaye. Ya ce hutuna na shekara biyu ya kama wata mai zuwa, an riga an sa sunana. Idan na karɓi kwana goma yanzu, kafil, wato ubangidan da bizata ke hannunsa, ya sa mini hannu a takardar fita, wani direba zai shiga gurbina, ni kuma sai baɗi.

"Ɗaya za ka ɗauka, Harun. Yanbu ko Najeriya. Khalas, magana ta ƙare."

A ɗakinmu akwai Isa, mutumin Zangon Kumasi, wanda gadonsa ke saman nawa. Da ya ji labari sai ya leƙo da kansa ƙasa, ya yi mini magana da Hausarsu ta Kumasi, inda ake kiran aboki Masa.

"Masa, kana da hankali kuwa? Yarinyarka ya kusa shekara biyu ba ka gan shi da ido ba. Ɗan'uwanka yana da kuɗin da zai ɗauki direba goma."

Na ce masa ai ba direba yake nema ba, yayansa yake nema. Isa ya mayar da kansa sama. Yarinyar da yake nufi ke ce, Amina. An haife ki wata huɗu bayan komawata daga hutun baya, a waya kawai na san fuskarki. Na kira Ummanku na gaya mata. Sai ta ce, "Malam, yaran nan sun daina tambayata yaushe za ka zo. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan kukansu." Na ce ta yi haƙuri, zumunci ne. Na kuma roƙe ta ta ce muku kamfani ne ya hana. Ƙaryar tawa ce, ita dai ta ɗauka ta kai muku.

Ku fahimci abin da na saya da hutun nan. Ba kujeru da firiji nake son kaiwa Yanbu ba. So nake in tabbatar cewa ina da ƙane, cewa duk abin da nake gani a ranakun Sallah zato ne kawai irin na talaka mai saurin jin an raina shi.

Motar da ya kamo daga wani gareji tsohuwa ce mai akwati, an shafe ta da sabon fenti fari don ta ruɗi irin su Kabiru da ba su san mota ba. Ina zama na taka kuloci na san za mu yi rigima da ita. Tauri gare shi, giya ta uku sai an lallaɓa take shiga, na'urar sanyi kuwa iska mai zafi kawai take hurowa. Na yi lodin da kaina a Matar Ƙadim, domin ni ban taɓa jan kayan da ba ni na ɗaure ba. Masu nauyi a gaba, firiji a tsaye an naɗe shi da bargo, kwalayen tangaran ɗin Zainab a tsakiyar katifu, igiya uku-uku. A jakata kuma na sa shaddata ruwan toka, wadda na ɗinka don ranar da zan sauka a Funtuwa. Na ce tunda ba ku za ku gan ni da ita ba, bari in shiga sabon gidan ƙanena da ita.

Na kama hanyar Salwa, mai zuwa bodar Saudiyya, bayan sallar asuba. A boda layin manyan motoci daban yake da na ƙanana, kuma ba a gaggawa a cikinsa. Yini guda da rabi na yi. Aka ce a sauke kaya a duba, wannan ƙa'ida ce, ba wanda ya zalunce ni. Amma saukewa da mayarwa aikin direba ne, rana kuma tana tsakiyar kai. Wani direba ɗan Pakistan mai jan gemu ya taya ni ɗaga firijin, muka raba gurasa da kifin gwangwani a inuwar ƙarƙashin motarsa. Ya tambaye ni kayan wane ne, na ce na ƙanena ne, injiniya. Na faɗa da alfahari har da buga ƙirji. Ya ce masha Allah, ya ƙara mini shayi.

Daga nan sai hanya. Ku da ba ku taɓa jan mota a sahara ba, ba za ku gane ba. A hanyar Legas akwai rami, akwai 'yan sanda, akwai masu tallar ayaba, kullum da abin da zai hana ka barci. A can ba komai. Kwalta miƙaƙƙiya, rairayi dama da hagu, sai allon da ke gargaɗin raƙuma. Iska tana bugun akwatin motar daga gefe, dole ka riƙe sitiyari da hannu biyu kamar kana kokawa da rago. Na wuce Hufuf, na zagaye Riyad ta hanyar manyan motoci, na nufi Ƙasim. Allurar zafi tana hawa, sai in tsaya in jira injin ya huce in ƙara ruwa a lagireto. Na jiƙa tawul na ɗora a kai, kafin minti goma ya bushe ƙayau. Gwiwata ta hagu ta kumbura saboda kulocin nan, ita ce har yau take hana ni durƙuso a sallah. Duk da haka raina fari ne. Ina tuƙi ina tuna Kabiru yana ƙarami, ina dariya ni kaɗai.

Ranar Alhamis da yamma na fara ganin allunan Madina. Na yi niyyar in ajiye motar a wajen gari, in kwana, in yi Juma'a a masallacin Manzon Allah, abin da ban taɓa samu ba a rayuwata. Sai waya ta yi ƙara.

"Yaya, kana ina? Don Allah ka daure ka iso gobe. Yara a ƙasa suke kwana, Zainab ba ta da tukunya ko ɗaya. Ziyarar ka yi ta a komowa, ai ba gudu za ta yi ba."

Na ce to. Na bi hanyar da ta zagaye garin, ina hango hasumiyoyi daga nesa ta gilashin gefe, na yi salati na wuce.

Washegari na tsaya a wani gidan mai kafin Yanbu. Na yi wanka a banɗakin masallaci, na sa shaddar nan, na kafa hula, na shafa turare. Abu ɗaya na manta ban tanada ba, shi ne takalmi. Wanda ke ƙafata tsohon sandal ne na fata da na saya a kasuwar Funtuwa, wani baduku a Sanaiya ya yi masa ƙasa da tayar mota, baƙin mai ya rine shi. Na dube shi na ce ba komai, ai a ƙofa zan bar shi.

Na iso unguwar bayan an sauko daga Juma'a. Na gane gidan da motocin da ke jere a gabansa. Ashe 'yan ƙasarmu da ke aiki a garin ne suka zo yi masa barka da zuwa, kowa da kular abincinsa. Ina jin Hausa tana tashi daga falo, ana dariya, ƙamshin miyar kuka ya cika ƙofar. Kwana biyar rabona da jin Hausa in ba a waya ba. Na kashe mota, na sauko ina ɗingishi, na taka har bakin ƙofa. Takalma sun fi ashirin a wurin, duk masu sheƙi. Na tuɓe nawa a cikinsu na yi sallama.

Kabiru ya fito. Ya dube ni, ya dubi motar, ya dubi ƙasa. Sai na ga ya sunkuya ya ɗauki takalmana.

Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin idona ya kawo ruwa. Na ga yaron nan na ƙofar ɗakin Inna. Na ce a raina, Haruna ka ji kunya, shekara shida kana zargin yaron nan a banza. Har na ɗaga hannu zan dafa kansa.

Bai karkaɗe su ba, bai juya bakinsu ba. Ya riƙe su da yatsu biyu nesa da rigarsa, ya rage murya.

"Yaya, sannu da hanya. Zo mu bi ta baya, ya fi sauƙi. Akwai wurin hutawa a can."

Ya juya ya bi ta gefen gidan, inda wasu lebura uku da ya ɗauko don sauke kaya suke zaune a bakin ƙofar kicin. Daga cikin falo wani ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, wa muka samu? A shigo mana." Kabiru ya waiwaya, ya amsa da muryar da kowa zai ji.

"Mai motar kaya ne. Ina zuwa."

Na tsaya a wurin ba takalmi, cikin shadda da turare. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abin da na sani shi ne ban ji fushi nan take ba, kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban mudir. Na tuna ɗan Pakistan ɗin nan da na buga wa ƙirji. Na tuna Isa. Na tuna maganar Ummanku a waya.

Ban bi shi ta baya ba, ban kuma shiga falon ba. Da na shiga na ce ni ne wansa uwa ɗaya uba ɗaya, da na kunyata shi a gaban mutanensa, kuma har a lokacin ban iya ba. Na koma wurin mota, na naɗe hannun shaddar, na buɗe akwatin, na yafito leburorin. Na kwance igiyoyina ɗaya bayan ɗaya. Simintin ƙofar gidan yana ƙona tafin ƙafata, na ƙi kulawa. Muka sauke komai, kuma ko kofi ɗaya bai fashe ba, wannan ina so ku sani. Zainab ta aiko da abinci a faranti an rufe da leda, na ce a ba leburorin. Da baƙin suka fara leƙowa suna yaba yadda aka ɗaure kayan, Kabiru ya matso kusa da ni kamar mai duba firiji.

"Yaya, ka fahimce ni. Sabon wuri ne, ban san mutanen nan ba tukuna. Bari su tafi mu zauna."

Na ce, "Na fahimce ka, Kabiru. Yau na fahimce ka."

Na miƙa masa takardar kaya ya sa hannu, kamar yadda ake yi da kowane mai kaya. Na hau mota. Ya biyo ni yana cewa in tsaya in kwana, in tsaya ya ɗauko mini takalmana. Na tayar da injin. A madubi na gan shi tsaye a tsakiyar titi, bai koma ciki ba, bai kuma biyo ni ba.

Haka na jawo motar nan ba kaya, ba takalmi, tun daga Yanbu har Doha. Mota in ba kaya tsalle take yi, kowace gargada sai ka ji ta a ƙugu. Ƙarfen kulocin ya yi zafi ya sale mini tafin ƙafa, na yage tawul na naɗe. Akwai shaguna a kowane gidan mai, da na so da na sayi silifas, amma wani taurin rai ya hana ni. Da na zo Madina na rage gudu, na ga kwanar shiga gari, na wuce. Ban iya tsayawa gaban kabarin Manzon Allah da irin abin da ke cikin zuciyata a ranar ba. Ban sake samun wata damar ba, kuma wannan ma ina ɗora shi a kan wancan yini.

Da na shiga ɗaki a Sanaiya, Isa ya dubi ƙafata, ya dubi shaddar da ta yi baƙi. Ya sauko ya ɗora ruwan zafi, ya zuba gishiri, ya turo mini bokitin.

Sai da shekara ta zagayo na zo gida. Amina, kina gab da cika shekara uku. Na durƙusa na buɗe hannu, kika ruga bayan Ummanku kina leƙe, aka ce ga Baba, kika ce a'a, wannan mutumin cikin waya ne. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Sati biyu kika yi kafin ki yarda in ɗauke ki, saura sati biyu in koma. Wannan shi ne abin da na sayar, kuma ba Kabiru ya sa mini wuƙa a wuya ba. An ba ni zaɓi na zaɓa. Idan kuna neman wanda za ku ji haushi a kan shekarar nan, ga ni.

Kwalin farko ya iso da babbar Sallar shekarar. Takalmi ne baƙi na fata, daidai ƙafata, domin in akwai wanda ya san girman ƙafata a duniya shi ne. Ba wasiƙa a ciki. Tun daga nan bai fasa ba, ko da na bar Doha na dawo gida sai aiken ya biyo ni. Mukan haɗu a wajen biki ko jana'iza, ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa. Ban yanke zumunci ba, kada wani ya gaya muku haka. Amma bai taɓa buɗe baki ya ambaci ranar nan ba, ni kuma ban taɓa zura ƙafata a abin da ya aiko ba. Ya san ƙofar ɗakina. Ya san inda nake tuɓe silifas ɗina, a waje suke kwana. Ranar da ya zo ya sunkuya ya juya bakinsu a gaban mutane, zan sa duk wanda ya zaɓa mini a cikin kwalayen in bi shi masallaci.

Idan kuma na riga shi tafiya bai zo ba, ku fito da su ku bayar a ƙofar masallacin Juma'a, akwai masu bukata. Ku gaishe da Baffanku, ku girmama shi, 'ya'yansa 'yan'uwanku ne. Amma kada ɗayanku ya sa takalman nan a ƙafarsa.